Yadda giyar da ban sha ba ta cinye mini rabin rago

Na san wasu za su fara tambayar abin da ya haɗa ni da giya, to ku kwantar da hankalinku, ko ɗigo ban kai baki ba, kuma kada wanda ya kai wa Hajiya wannan labari a juye. Mu huɗu ne muke amfani da kicin ɗaya a gidan ɗaliban da nake zaune a garin Bayreuth na ƙasar Jamus, kuma a wata Juma'a Bajamushen da ke maƙwabtaka da ɗakina ya roƙe ni in sanya masa kwalabe uku a wuri mai sanyi, saboda iyayensa za su zo washegari su taya shi murnar kammala karatu. Biyu giyar inabi ce ta yankin Franken, a cikin kwalbar nan tasu mai faɗin ciki kamar butar da aka zauna a kanta, ɗaya kuma giyar sha'ir ce. Firji ya cika maƙil, ni kuma ina gudun kada in rasa huɗuba, sai na cusa su cikin firiza a kan rabin ragon da na sayo a shagon Turkawa, wanda na ƙudurta zai kai ni ƙarshen zango. Ina da hujja, domin kwalbar vodka ta wani ɗan Poland da muke kicin ɗaya ta shafe wata huɗu a wurin tana kwance lafiya lau.

Da hantsin Asabar aka buɗe firiza a gaban baƙi. Kwalbar sha'ir ta tarwatse, ɗaya ta inabi ta tsage daga wuya zuwa gindi, ɗayar kuma ta turo toshiyarta waje, wata ƙanƙara ruwan ɗorawa ta biyo bayanta ta tsaya cak kamar mai leƙen wanda ya yi mata wannan aiki. Mahaifin yaron, dattijo ne mai sanyin murya, bai yi faɗa ba, kuma da ya yi faɗan da ya fi mini sauƙi. Ya gyara tabarau ya shiga yi mini karatu dalla-dalla, cewa fiye da kashi 80 cikin 100 na giyar inabi ruwa ne, saboda haka tana daskarewa a wajen digiri 6 ƙasa da sifili, alhali firiza tana kan digiri 18 ƙasa da sifili. Ita vodka, da yake kashi 40 nata barasa ce, sai sanyi ya zarce digiri 20 da wani abu kafin ta motsa, tsantsar barasa kuwa sai 114. Ya ƙara da cewa ruwa idan ya daskare yana kumbura da kusan kashi 9, kwalba kuma ba roba ba ce. Daga nan ya dube ni cikin tausayi ya tambayi abin da nake karantawa.

Na so in ce tarihi, na so in ce adabi, amma ɗan Poland, wanda yake tsaye yana cin tuffa, ya riga ni da cewa kimiyyar sinadarai nake yi, digiri na biyu. Dattijon ya maimaita kalmar a hankali, matarsa ta maimaita, sannan kicin ya yi tsit har ina jin ƙanƙarar tana ɗiga a kan tayil. Don ya rage mini kunya, sai ya ba ni labarin da ake bayarwa a Kulmbach, nan kusa da mu, na wani yaron gidan giya da ya manta ganguna a waje cikin hunturu, aka hukunta shi da shan abin da bai daskare ba a tsakiya, ashe ta haka aka gano giya mai ƙarfi da suke kira Eisbock. Na ce masa ni ko wannan hukuncin ba zai yiwu a kaina ba.

Duk wannan na yafe. Wanda ban yafe wa ba shi ne wani Alhajinmu ɗan Damagaram, wanda na kira a waya don neman fatawa a kan naman, tunda leda ta huje kuma ruwan ya ratsa ciki. Cikin minti 20 ya iso da jakar baya. Ya shinshina, ya yi salati, ya ce, “Ɗan'uwa, wannan nama ya shiga shubuha, kada ka kusance shi, ni zan san yadda za a yi da shi.” Na ce, “To, Alhaji, Allah ya saka da alheri,” har da taya shi ɗaure jaka. Mutumin da bai taɓa zuwa ɗakina a kan lokaci ba, wanda har yau tukunyata tana wurinsa tun ƙaramar sallah, ranar a guje ya zo. Bayan kwana biyu na ga hoton farfesu a shafinsa, kuma na gane haƙarƙarin sarai, domin ni na ce wa mahaucin ya sara mini shi ƙanana.

Da na tuntuɓe shi, sai ya ce ya wanke sau bakwai, kuma akwai saɓanin malamai. Kuɗin kwalabe na biya, vodkar kuma tana nan inda take. Tukunyar dai ya ce zai kawo ranar Laraba.