Roka Ba Da Iska Take Tokarewa Ba

A majalisarmu ta Agege, da an ga labarin makami mai linzami sai wani ya ce ai iskar da ke bayansa yake tokarewa ya tashi. Maganar nan tana damuna, ko da yake ban ga laifin mai faɗarta ba, tunda jirgin sama da iska yake aiki.

Roka, wato injin da ke tura irin wannan makami, daban ce. Hau kwalekwale a Makoko, unguwar kan ruwa ta Legas, ka wurga babban dutse baya, za ka ji kwalekwalen ya matsa gaba. Haka roka take yi da iskar gas mai zafi da take fesarwa. Dokar motsi ta uku ke nan ta masanin kimiyya Isaac Newton, tun 1687: duk abin da ka tura, shi ma zai tura ka da ƙarfi daidai da naka. Man roka da oksijin ɗin da man yake buƙata don ya ƙone suna cikinta, shi ya sa a sararin samaniya, inda babu iska, ƙarfin turinta ma ƙaruwa yake.