Kafso huɗu sun tafi a banza

Jiya na kai Umma wankin dasashi, irin mai zurfin nan da ake kankare dattin da ya daskare a gindin haƙori. Tun da aka sa mata bawul ɗin ƙarfe a zuciya likitanta ya kafa sharaɗi: ba mai taɓa mata dasashi sai ta haɗiye maganin kashe ƙwayoyin cuta amoxicillin giram 2, kafso huɗu ke nan, minti 30 zuwa awa ɗaya kafin a fara. Kankarar tana fidda jini, ƙwayoyin cutar baki kuwa in sun bi jini, a bawul ɗin suke maƙalewa.

Ƙarfe tara aka rubuta mana. Takwas da kwata, muna cikin keke a gadar Kawo, ta kora su da ruwan leda. Goma ta yi, sha ɗaya ta wuce. Ana kiran azahar na tashi na sami matar da ke riƙe da katuna.

"Sista, don Allah, Umma ta sha magani tun safe, lokacinsa ya wuce."

Ko ɗagowa ba ta yi ba, tana ta latsa waya. "Magani ai yana ciki, ina zai je?"

Na ce likitan zuciya awa ɗaya ya ce. A nan ta dube ni sama da ƙasa. "To ya zo ya wanke mata mana. Ba wuta, ba man janareto. Ku dawo gobe ta ƙara huɗu."

Ta ƙara huɗu! Gyaɗa ce? Sannu da ilimi, Sista. Ko ni da ban shiga ajin likitanci ba an gaya mini a bar aƙalla kwana 10 tsakanin sha da sha, don kada ƙwayoyin su saba da maganin. Ga shi bakin ma gida huɗu likitocin haƙori suka raba shi, kowane gida da ranar wankinsa, zuwa huɗu ke nan, na farko ya faɗi ƙasa. Umma sai jan rigata take: "Rabu da ita, mu tafi."

Haka muke rabuwa da su shekara da shekaru. Tun cire tallafin mai a 2023 kuɗin keke ya ninka, magani ya ninka, amma asibiti bai da man awa ɗaya. Likitocin kirki sun gudu Saudiyya da Ingila. Su kuwa manya, haƙori ya ɗan yi musu tsami sai Dubai, ka gan su a allo ranar kasafin kuɗi suna washe mana shi fari tas.