Ɗaukar nas ba wuya, riƙe ta ne aiki

Wani labari da na karanta ya ce garuruwan bakin teku na neman ma'aikatan jinya ruwa a jallo, ga guraben aiki amma babu masu cike su. Gaskiya ne, sai dai bai taɓo abin da ke korar waɗanda aka ɗauka ba.

Shekara shida na yi ina jinya a wani ƙaramin asibiti na bakin ruwa. Idan lokacin masu yawon buɗe ido ya zo, marasa lafiya kan ƙaru sosai, mu kuwa muna nan yadda muke. A dare ɗaya sai a kawo masunci ƙugiya ta shige masa tafin hannu, ga yaron da aka tsamo daga ruwa yana numfashi da ƙyar, ga dattijuwa sukari ya hau, ke kaɗai a ɗaki. In guguwa ta yanke hanya, babu zancen tura kowa babban asibiti, haka za ki riƙe shi har gari ya waye.

Sai kuma haya. Masu gida sun fi son baƙin 'yan kwanaki, albashin sabuwar nas kuwa bai kai nan ba. Abokan aikina biyu wannan ne ya kore su, wallahi har yau abin na min ciwo.

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2020 ya ce duniya na da giɓin ma'aikatan jinya miliyan 5.9, don haka wadda ta ƙware ba ta rasa mai kiranta. Don Allah masu ɗaukar aiki, ku haɗa da wurin kwana, ku ƙara hannu a aikin dare.