Ba masu zubar da shara kaɗai ne da laifi a Jakara ba

Wani rahoto da aka fitar ya yi daidai da ya ce shara ce ke lalata ruwan kogin Jakara na Kano, amma ɗora laifin duka a kan mazauna unguwanni bai gamsar da ni ba. Duk wanda ya san Kano ya san cewa baya ga ledojin fiya wata da ke toshe magudanai, jini da kashin dabbobi daga mayanka suna shiga wannan ruwa, sannan rafin Getsi ya kawo masa dagwalon masana'antun Bompai kafin ya isa madatsar Wasai, kuma da shi manoman rani ke ban ruwan latas da alayyafon da muke saya a kasuwa. Ga wani mai sharhi a kan rahoton da ya ba da shawarar a riƙa ƙona bolar a bakin rafi, wannan gudun gara ne a faɗa gidan zago, domin hayaƙin roba yana tayar da ciwon asma, tokar kuma ruwan damina zai sake wanke ta cikin kogin. Idan motocin hukumar kwashe shara ta Kano, wato REMASAB, ba sa shiga lunguna, ina ake so matar gida ta kai shararta?