Wa zai ɗauki nauyin wurin yinin tsofaffi a Kaduna?

Akwai wani dattijo a layinmu a Tudun Wada da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri. Bara hawan jini ya kayar da shi, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Ɗansa direban tirela ne, sai ya yi mako biyu bai kwana gida ba. Matar ɗan kuma malamar firamare ce. Kullum da sassafe sai ta ajiye masa buta da fulas ɗin kunu da rediyo a gefen katifa, ta ce, “Baba, ga kununka nan, sai na dawo.” Ta ja ƙofa ta tafi da nauyin zuciya. Daga nan har azahar ba mai ce masa sannu. Mutumin da a da ba a watse majalisar ƙofar masallaci sai ya tashi, yanzu rediyo ce abokiyar hirarsa.

Irin wannan gida ya yi yawa a Kaduna. Gari ne na ma'aikata: 'yan reluwe, 'yan masaƙa, sojoji da ma'aikatan gwamnati da suka baro garuruwansu tun zamanin Jihar Arewa, suka tsufa a gidajen haya nesa da dangi. Gandun da a ƙauye yake rarraba nauyin tsoho tsakanin mutum goma, a Rigasa ko Badarawa ya koma kan mace ɗaya.

Da zarar an ambaci cibiyar tsofaffi sai mutanenmu su ɗaure fuska, su ce wannan al'adar Turawa ce, ɗan halak ba ya kai iyayensa gidan ajiya. Na yarda da su, ni ma ba zan kai nawa ba. Abin da nake nufi wurin yini ne a cikin unguwa, inda za a kawo tsoho da hantsi ya koma gidansa da la'asar. A gwada masa jini da suga, a tabbatar ya sha maganinsa, a motsa masa gaɓoɓi, ya ci abincin rana mai ɗumi, ya ga tsaransa su taɓa hirar da. Tsofaffin mata sun fi kowa buƙata, domin namiji ko da sanda yakan lallaɓa zuwa masallaci ko coci, ita kuwa gyatuma in ƙafa ta ƙi, sai ɗaki. Kuma wurin hutu ne ga mai jinya. Duk wanda ya taɓa kwana yana juya majinyaci ya san yadda gajiya ke cinye haƙuri, har mutumin kirki ya fara yi wa mahaifinsa tsawa.

Maganar ita ce kuɗi. Ƙasashen da suka yi nisa a wannan fage ba da sadakar jefi-jefi suka yi ba. Amurka ta yi dokar kula da tsofaffi tun 1965, ita ke tura kuɗin abinci da hidimar irin waɗannan cibiyoyi zuwa jihohi. Japan ta fara inshorar jinyar tsufa a 2000, duk wanda ya kai shekara 40 yana zuba nasa kason. Mu ma ba a rasa doka ba. Akwai Cibiyar Kula da Tsofaffi ta Ƙasa da ta fara aiki a 2021, dokar inshorar lafiya ta 2022 ta sanya tsofaffi cikin masu rauni da ya kamata a biya wa, jiharmu kuma tana da tata hukumar inshorar lafiya, KADCHMA. Sai dai inshora magani take biya, ba ta biyan wanda zai zauna da Baba daga safe zuwa azahar.

A ganina wannan nauyi na ƙananan hukumomi ne, kuma ba ni na ɗora musu ba. Jadawali na huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya lissafa kula da gidajen gajiyayyu da marasa ƙarfi cikin ayyukansu. A watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba su kasonsu kai tsaye. To, ƙananan hukumomi 23 na jihar nan su ware layi a kasafin kuɗinsu saboda wannan aiki.

Ina roƙon kada a fara da gini. Mun saba ganin an yanka kintinkiri, an ɗauki hoto, bayan shekara biyu awaki sun gaje wurin. Jihar na da mazaɓu 255, kuma an daɗe da ɗaukar manufar samar da asibitin sha-ka-tafi a kowace mazaɓa. A kafa rumfa mai kyau a harabarsa, da banɗakin da keken guragu zai shiga, da tabarmi da kujeru, ɓangaren maza daban na mata daban. Kuɗin ya tafi ga abin da ke ci kullum: albashin masu kula, itace ko gas da hatsi, da man Keke Napep ɗin da zai ɗauko waɗanda ba sa iya takowa.

Masu hali kuma su shigo ta hanyar wakafi. Zakka sau ɗaya take fita a shekara, buhunan azumi kuma kafin Babbar Sallah sun ƙare. Amma shago biyu a Kasuwar Barci da aka yi wakafinsu, kuɗin hayarsu zai riƙa sauke tukunya duk wata. Coci-coci a Sabon Tasha da Barnawa na da ƙungiyoyin zumuntar mata da suka iya irin wannan hidima tun tuni. Iyalan da ke da hali su biya wani abu kaɗan, marasa hali a yafe musu, a kuma liƙa lissafin shiga da fita a bango kowane wata, mai unguwa da limami da fasto su sa hannu.

Makon jiya malamar nan ta tare ni a ƙofar gida. Ta ce, “Malam, ina tunanin ajiye aikin nan, jiya na dawo na tarar Baba ya faɗo daga katifa, tun hantsi yake ƙasa.” Albashinta ne ke sayen maganin hawan jininsa.