Mai karɓar kiran 112 ba ɗan aike ba ne

A wani shirin rediyo da na saurara bayan wata gobarar kasuwa, baƙon shirin ya yi ta jinjina wa 'yan kwana-kwana, ya roƙi gwamnati ta sayo sababbin motoci. Da aka tambaye shi batun masu karɓar kiran gaggawa na lamba 112, sai ya ce ai su ɗaga waya kawai suke yi. Wannan "kawai" ɗin ce ta tsaya mini a rai.

Duk mai wannan magana bai taɓa tunanin yadda kiran yake ba. Uwa ce ke ihu, yaro ya faɗa rijiya ko ɗaki ya kama. Ba ta da lambar gida, domin yawancin lungunanmu ba suna, ba lamba. Kwatance za ta yi: bayan masallacin Juma'a, ka wuce mai shayi, kwana ta biyu. Wanda ke kan layi shi zai kwantar mata da hankali, ya zaro unguwa da lungu daga cikin kukan, ya tantance ko aikin 'yan kwana-kwana ne, ko na 'yan sanda, ko jami'an kiyaye haɗura, ko motar asibiti. Wani lokaci da Hausa, wani lokaci da Fulatanci ko Kanuri. Ya kuskure kwana ɗaya, mota ta ɓace a gari, wuta kuwa ba ta jira.

Kuma yana ajiye wayar wani kiran zai shigo. Sau da yawa ba zai ji ko an ciro yaron da rai ba. Haka zai koma gida da muryar uwar a kunnensa. Ga kuma marasa tarbiyya da ke bugowa don wasa. Hukumar kashe gobara ta Kano ma a rahotanninta na wata-wata tana lissafa kiran ƙarya.

Lambar kiran gaggawa ta 999 ta Landan, wadda aka buɗe a 1937, ta samo asali ne daga gobarar 1935 da ta ci mata biyar, bayan wani maƙwabci ya buga waya an bar shi yana jira. Rayuka ne suka salwanta kafin a san darajar wannan kujera. A Amurka ana ware mako guda a watan Afrilu don karrama masu aikin, amma shekara da shekaru suna fafutukar a daina lissafa su cikin akawun ofis. A nan Najeriya, hukumar sadarwa ta NCC ta gina cibiyoyin 112 a jihohi, kira kyauta, an yanke kyalle, an ɗauki hoto. Ginin aka yaba, mutanen da ke kwana a cikinsa ba wanda ya ambata.

Masu cewa a fara gyara layin tukuna, tunda yakan ƙi shiga, su kai kukansu ga kamfanonin sadarwa. Rashin sabis ba hujja ba ce ta raina wanda ya ɗaga idan kiran ya shiga. Abin kunya ne gwamna ya je jaje, ya lissafa kowa har da masu ɗebo ruwa, ya manta da muryar da ta turo motar.

A ɗauke su a matsayin ma'aikatan ceto, da horo da alawus ɗin da ya dace, a samar musu wanda zai saurare su bayan mummunan dare. A hukunta masu kiran ƙarya. Ranar da za a raba takardun yabo kuma, a kira su gaban jama'a tare da masu riƙe tiyo.