Ka Biya Mana, Sai Mun Koma Gida

Babu abin da ke ɓata mini rai a tafiyar Umara kamar fita kasuwa da cin abinci tare da abokan tafiya. A kasuwar Balad da ke Jidda, mun shafe kusan sa'a guda a shago ɗaya, saboda wani abokinmu yana taya jallabiya yana latsa waya, yana mayar da kowane riyal zuwa naira, daga ƙarshe kuma ya ce ta yi tsada, muka fito hannu rabbana.

Wannan ma mai sauƙi ne idan aka kwatanta da gidan abinci. Mu biyar muka kewaye farantin shinkafar mandi da naman rago, amma da aka kawo takardar kuɗi, wadda ta haɗa da harajin kashi 15 cikin 100 da Saudiyya ke karɓa tun shekarar 2020, sai kowa ya shiga laluben aljihu. Wani ya ce dala ce kawai a wurinsa, wani ya ce katinsa ya ƙi aiki, sannan aka juyo gare ni: "Alhaji, ka biya mana, idan mun koma gida za mu tura maka."

Riyal a ɗaure yake da dala, naira kuwa ba ta zama wuri ɗaya, don haka wanda ya biya bayan wata biyu da tsohon canji yake lissafi. Mutum biyu har yau ba su tura ba, kuma ɗayansu ne ya cusa dabinonsa kilo biyar cikin jakata a filin jirgi.